Fatar Maraƙin Zinariya

Duk wanda ya ci kasuwar Sule Tankarkar a shekarun baya ya san Inna Sabuwa mai nono, ko da bai riƙe sunanta ba. Ita ce doguwar Bafillatanar nan da ke zama gindin darbejiyar bakin tasha, ƙwaryarta fes, an rufe da faifai, ga ludayi a gefe. Ba ta kiran kowa, ba ta yi wa kowa daɗin baki. In ka kuskura ka ce nonon ya yi tsami, sai ta dube ka sama da ƙasa ta ce ai ba ɗaure ka aka yi ba, ga hanya nan. Kuma gobe kai ne za ka dawo da ƙafarka, don kindirmonta in ka tsoma ludayi tsayawa yake yi. Yanzu gwiwa ta hana ta zaman tasha. Tana gidan ɗanta Kyauta a bayan gari, da ɗakinta, da butarta, da saniya ɗaya tal a turke. A kan wannan saniyar aka kusa ɓatawa a gidan, bazarar da ta wuce.

A ruga aka haife ta, arewa da gari, lokacin da mutum zai bi shanu ya tsallaka Nijar bai ma sani ba sai ya ji ana ƙirga kuɗi da wani suna. Burtali a lokacin faɗi gare shi, garke biyu su yi kiciɓis ba wanda ya taɓa gonar wani. Ta iya tatsa tun kafin ta iya ɗaura zane da kyau. Da aka ba ta Hamma, ɗan baffanta, wanda da ma shi take so sai dai ba a faɗa, mahaifinta ya kama wata jar karsana, rahaji mai dogon ƙaho, ya ce ta tafi da ita. Duk shanun da Sabuwa ta mallaka a duniya daga cikin wannan karsanar suka fito.

Hamma mutum ne da ya fi hira da shanu a kan mutane. Sai ka yi wuni da shi bai ce maka komai ba bayan gaisuwa, amma da ya shiga garke baki ya buɗe. Kuma akwai abin da ya iya wanda ake aiko masa daga rugage masu nisa saboda shi.

Ita rahaji ba ta ba da nono haka kawai. Sai an kwance maraƙinta daga dangwali, igiyar da ake ɗaure maruƙa, ya zo ya kama, ta sunsune shi ta lashe shi, sannan ta saki, a janye shi a tatsa. In kuwa maraƙin ya mutu, shi ke nan, ta riƙe abinta. Ka ja ka ja, hantsa ta kumbura ta yi tauri, ko ɗigo ba za ka gani ba, daga nan sai ta ƙafe. To shi Hamma, in aka yi irin wannan rashin, sai ya feɗe maraƙin a hankali, ya goge fatar da kanwa, ya cusa mata ƙaiƙayi da busasshiyar ciyawa, ya ɗinke da basilla, ya kafa mata itace huɗu. Da safe a ajiye a gaban uwar. Ta sunsuna, ta lasa, sai ga nono.

Ranar da Sabuwa ta fara ganin abin nan tana amarya, dariya ta yi har da riƙe ciki. Wuya a karkace, ido babu, ƙafa ɗaya ta fi sauran tsawo, wai shi ne za a nuna wa saniya a ce ga ɗanki. Hamma bai yi fushi ba. Ya dai ce mata in dariyar ta zama dole, ta koma bayan bukka ta yi, kada ta yi a gaban uwar. Ba ta sake yi ba.

Ɗanta na fari namiji ne, aka sa masa Siddiq. Ka san kunyar ɗan fari a wajen Fulani: ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in yana kuka surukarta na wurin sai ta yi kamar ba nata ba ne. Sai sun shiga bukka su biyu sannan ta cika ido da shi. Bai kai ga zama ba zazzaɓin damina ya ɗauke shi. Kunyar nan dai ita ta hana ta kukan da ya kamata. Mata na zuwa gaisuwa, ita tana wanke ƙore.

A kwanakin ne kuma Lauratu, matar ƙanen Hamma, ta rasu a kan gwiwa ta bar jariri. Uwar Hamma ta ɗauke shi ta kai wa Sabuwa, ita ta shayar da shi. Sunan yankansa Abdulmuhaimin, wanda duk rugar ba mai iya faɗarsa ba tare da ya huta a tsakiya ba, sai tsohuwar ta ce a kira shi Kyauta. Wannan ba ɓoyayyen abu ba ne, shi kansa ya sani tun yana yaro. Allah bai ƙara ba Sabuwa haihuwa ba, kuma ba a taɓa jin ta ce ɗan wani take riƙo ba. Amma yadda aka yi a cikin bukkar ranar da aka kawo shi, ba ta taɓa gaya wa kowa ba.

Shekarun da suka biyo baya su ne take kira lokacin da duniya ke kwance. Da hantsi ta ɗora ƙwarya bisa gammo, Kyauta a goye, ta kama hanyar gari. Wani lokacin har Gumel, in an yi sa'ar mota. Shamuwa na sauka a tsamiyar bakin ruga kafin ruwan farko, Hamma ya ɗaga kai ya ce baƙi sun iso, a gyara bukka. Da rani a kakkaɓo wa shanu 'ya'yan gawo, kana jin ƙarar taunarsu daga nesa. Har yau in ta rufe ido wannan ƙarar take ji, da warin hayaƙin da ake turara wa garke saboda ƙuda.

Sai abubuwa suka fara tafiya ɗaya bayan ɗaya. Fari ya ci wasu, ciwon shanu ya ci wasu. Gonaki suka matse burtali har ya zama sai ka bi da saniya kamar za ka wuce ta ƙofar ɗaki, kuma ko ganye ta lasa sai an kai ƙara. Hamma ya kwanta ciwon da bai tashi ba. Kyauta ya ga kiwo ba zai riƙe gida ba, ya shiga sayen riɗi da zoɓo yana kaiwa Maigatari da Gagarawa, ya yi gini a gari, ya ɗauko uwarsa. Da saniya uku ta shigo gari. Yanzu saura ɗaya, ja, mai dogon ƙaho, sak karsanar da mahaifinta ya ba ta. Naja'atu, 'yar Kyauta, ita ta raɗa mata Zinariya tun tana 'yar firamare, duk da Inna ta ce ita ba ta taɓa jin an sa wa saniya sunan awarwaro ba. Sunan ya bi ta.

To, a bazarar nan Zinariya ta haihu, maraƙi namiji. Inna Sabuwa ta koma yarinya. Gwiwar da ke hana ta zuwa gidan suna ba ta hana ta tsugunawa tatsa ba. Ba a daɗe ba zawo ya kama maraƙin. An ba shi jiƙo, an kira mai allurar dabbobi, ina! Da aka ga zai yi mushe sai aka yi maza aka kira Ɗantala mahauci ya yanka. Zinariya ta riƙe nono, ta dinga kuka tana zagaye turke har maƙwabta suka fara magana.

Kyauta ba mugun mutum ba ne, kada a ɗauki alhakinsa. Ya zauna a bakin ƙofar ɗakinta, ya cire hula, ya yi mata bayani a tsanake. Harawa ta ƙare, dusa sai an nema, ruwa bai ko nuna alama ba, ga saniya ta tsufa. In ta ƙafe yanzu, kafin ta sake ɗaukar ciki ta haihu ta zama ƙashi. Gara a kai ta kara, kasuwar shanu ta Maigatari, ranar Alhamis, tun tana da sauran nama a jiki, a saya wa Inna tumaki. Inna ta ce ita ba ta san yaren tumaki ba. Ta ce a karɓo mata fatar maraƙin daga wajen Ɗantala. Kyauta ya gane abin da take nufi. Ya ce wannan dabarar zamanin Baffa Hamma ce, ko ta ci, fata ba za ta kai damina ba za ta ruɓe, sai a koma inda aka fito. Ya sa hularsa ya fita. Fatar dai an karɓo.

Ana cikin haka Naja'atu ta zo hutu. Yanzu malama ce, tana koyar da ilimin halittu a wata makarantar 'yan mata a Gumel, ga tabarau, ga jaka. Tsakaninta da kakarta kullum tsiya ce: ita ta ce tsohuwa ta ƙi mutuwa ta bar mata ɗaki, tsohuwa ta ce wa zai mutu ya bar gida a hannun wadda ba ta iya dama fura ba. Da ta ga fata a shanye ta ji abin da ake ciki, sai ta tuɓe mayafi ta ce ita ma a ba ta aiki. A littafi kawai ta taɓa karanta irin wannan.

Suka yi wuni a kai. Idon Inna ba ya ganin kafar basilla, hannun Naja'atu bai san fata ba. Abin da suka haɗa, wallahi da Hamma zai gani da shi ma ya koma bayan bukka. Suka kai gaban Zinariya. Ta miƙo hanci, ta yi wani huci, ta sa ƙaho ta watsar da shi can, ƙaiƙayi ya tashi.

Inna ta zauna a kan turmi. Ranta ya ɓaci ƙwarai. Ta ce a zuciyarta, saniyar ta gane, ta san ƙarya aka kawo mata, hannun Hamma ne kawai ba a ganewa. Naja'atu kuwa tsayawa ta yi tana tunani, can ta kai tafin hannunta hanci. Man shafawa ne, mai ƙamshi, da turaren da ta fesa tun daga Gumel, kuma ita ta wuni tana murza fatar. Ta ce laifinta ne, ba kamannin saniyar ke dubawa ba, wari take bi. Suka wanke hannu da toka, suka sake ɗinke wuyan, suka goga wa fatar kashin saniyar da ɗan gishiri, suka bar ta ta kwana a inda maraƙin ke kwanciya.

Safiyar Alhamis suka sake gwadawa. Zinariya ta sunsuna, ta ja da baya, ta dawo. Sai ta zaro harshe ta fara lasar bayan abin nan, tana wani gurnani ƙasa-ƙasa. Inna ta lallaɓa ta tsuguna, ta matse ƙwarya tsakanin gwiwoyi, ta kama. Madara ta buga ƙasan ƙwarya, tsirrr.

Naja'atu kamar ta yi rawa. Malanta ta motsa, ta fara bayani ba wanda ya tambaye ta. Ta ce wannan shi ne abin da take ta fama ta koya wa ɗalibanta, har suna gare shi a wajen masana, teliyonomi. Wato abu mai rai ya yi aiki daidai wa daida kamar ya yi niyya, kamar ya san inda ya dosa, alhali ba tunani ya zauna ya yi ba, tsari ne a jikinsa da ya gada daga iyaye da kakanni. Ƙarangiya ba ta ƙulla cewa za ta maƙale a zanen Inna don a kai irinta wata gona ba, amma ga shi tana maƙalewa, kuma irin na zuwa. Haka nonon nan: don maraƙi yake, ba shakka, amma ba saniyar ce ta yanke shawarar bayarwa ba. Wari ya shiga hanci, jiki ya saki. Shi ya sa ko fata ce da ƙaiƙayi sai ya zo.

Inna ta ce sunan dai sai bakinsu, amma wa ya yi tsarin in ba Allah ba? Naja'atu ta ce ai kalmar ba ta yi musu da wannan ba, abin da ta hana kawai shi ne a ɗora wa saniya niyyar da ba ta yi ba.

Ta zaci tsohuwar za ta taso mata da faɗa, don ba a taɓa Zinariya a gabanta. Sai ta ji madara kawai ke zuba. Inna ba ta ɗago ba ta fara magana, da Hausa, tana sakawa da Fulatanci inda Hausar ta gaza.

Ta ce bayan an binne Siddiq nononta bai san an binne shi ba. Ya cika, ya yi tauri, yana zuba yana jiƙa zane, tana ɓoyewa. Haushin jikinta take ji, tana cewa wa kake yi wa? Da aka kawo jaririn Lauratu ta juya fuska bango, ta ce a fita da shi, ita ba ta so. Surukarta ta fita da shi ba gardama. Can sai ga ta ta dawo, ta naɗe shi a zanen goyon Siddiq, wanda ba a riga an wanke ba, ta ajiye mata shi a cinya ta fice.

"Na san ba shi ba ne," in ji Inna. "Ni ba saniya ba ce, Naja'atu, na sani sarai. Na ma san abin da tsohuwar ta yi mini, ba ni na ga ana yi wa shanu ba? Har na ture shi. Amma da warin zanen ya buge ni, kafin in ce wani abu nono ya ɓalle. Ban yi niyya ba, ko kaɗan. Malamanku sun yi gaskiya. Jikina ne ya fara, ni daga baya na biyo shi."

Naja'atu ta cire tabarau ta rasa inda za ta ajiye shi. Ta tambaya a hankali, yaushe ta biyo.

"Ban sani ba. Na dai wayi gari wata rana an wanke zanen tuntuni, ni kuwa in ya yi tari sai gabana ya faɗi."

Ba su lura da Kyauta ba. Yana tsaye bakin danga da igiya a hannu, sabuwa, wadda ya saya don jan saniyar zuwa mota. Mutum mai furfura a gemu, mai 'ya malama. Ya san Inna ba ita ta haife shi ba, amma zancen zanen bai taɓa ji ba. Ya dubi saniyar tana lasar busasshiyar fata, ya dubi bayan uwarsa a tsugune. Bai yi sallama ba, ya juya da igiyarsa. Ƙarar tashin babur ɗinsa ce ta sa suka san ya zo.

Wunin ranar ya yi wa Inna tsawo. Ta tabbata dillali ya tafi nema, ko motar da za ta shigo har ƙofar gida, tunda ya riga ya faɗa cewa fata ba ta kai damina, kuma ta san gaskiyarsa. Ga kunya ta ishe ta, ɗa ya ji abin da ba a so ya ji, har da cewa ta ture shi. Ta ƙi cin tuwon rana. Ta tsefe wa Zinariya jela, ta cire mata kaska, ta ba ta sauran dusar da ta ɓoye a ɗaki. Duk motar da ta wuce a titi sai ta tsaya cak da abin da ke hannunta.

Bayan la'asar babur ya tsaya a ƙofar gida. Ba mota, ba dillali. Kyauta ya shigo rungume da wani abu, ƙafafu na reto, igiyar nan a wuyansa. Maraƙa ce, fara, ramammiya, haƙarƙari a waje. Ya sauke ta tsakar gida ta tsaya tana rawar ƙafa. Ya ce a kara ya same ta, uwarta ta faɗi a hanya daga Damagaram, mai ita na neman wanda zai karɓa kafin ta bi uwar. Yana maganar yana kallon ƙasa.

"Inna, ko za a warware ɗinkin nan, a yafa mata?"

Inna ta dube shi. Sannan ta ce wa Naja'atu ta wanke hannu da toka ta kawo wuƙa. Suka farke zaren, suka zazzage ƙaiƙayin, suka yafa wa farar maraƙar jar fata, suka ɗaure ta ƙarƙashin ciki. Kyauta da kansa ya tura ta gaban saniyar.

Zinariya ta sunsuna baya, ta sunsuna farin kan da ya leƙo daga ƙarƙashin fatar, ta yi huci. Maraƙar, yunwa ba ta bar ta ta yi kunya ba, ta kutsa ta nufi hantsa. Saniyar ta ɗaga ƙafa ta shure ta, ta faɗi gefe guda. Kyauta ya zabura zai ɗauke ta, ransa ya gama ɓaci, yana cewa shi ke nan, ta ƙi.

Inna ta riƙe masa hannun riga.

"Bar ta ta tashi da kanta," ta ce. "Ni ma haka na yi maka."

Maraƙar ta miƙe, ta sake kutsawa. Wannan karon ƙafar ba ta ɗagu ba. Zinariya ta juyo da dogon wuyanta ta fara lasa, daga kan jar fatar, har harshen ya zarce ya sauka a kan farin wuyan.